Rijiyar Gidan su Dokta a Zakka

Ban taɓa mantawa da ranar da muka gwada rijiyar gidan su Dokta Rabi ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin gwaje-gwajen da take shugabanta a Batsari. Aikinmu haɗa 'yan fallayen gwajin ruwa. Mukan dama sinadari mai canza launi cikin narkakkiyar roba, mu shafa a siririn gilashi, mu busar da shi a duhu. Idan aka tsoma fallen a ruwan da gishirin taki ya yi wa yawa, sai ya koma ja-ja, wata 'yar na'ura ta haska shi ta auna zurfin jan. Ido ba ya ganin wannan gishiri cikin ruwa, amma yana cutar da jarirai.

Bayan damina muka fita gwajin rijiyoyi a ƙauyukan Safana. Da muka isa Zakka, Dokta ta ce mu biya mu gaida mahaifiyarta, Inna. Matar da muke shakka a ofis sai ga ta durƙushe tana gaisuwa, Inna na yi mata faɗan ta rame.

Don sabo kawai na tsoma falle a rijiyar tsakar gidan, wadda ke dab da garken shanu. Na'ura ta nuna gishirin ya wuce ƙima, ga kuma jaririyar ƙanin Dokta a gidan. Dokta ta ce wataƙila haɗinmu ne ya lalace. Muka koma Batsari, ta tsaya a kaina muka yi sabo, muka tabbatar da shi da ruwan da muka san yawan gishirinsa. Da muka dawo, sakamakon bai canza ba.

Inna ta ƙi yarda. Marigayi mijinta Malam ne ya haƙa rijiyar, kuma ta ce ba ta san yaren na'ura ba.

"Ɗana, ba ni abin nan in tsoma da hannuna," in ji ta.

Ta tsoma ɗaya a ruwan rijiyar, ɗaya a na burtsatsen unguwa, ta fita rana ta daɗe tana ƙura musu ido kafin ta ga bambancin. Sai ta dubi 'yarta.

"Malam don ku sha ku rayu ya haƙa ta. A bar ta don wanki. Amma ku ƙara wa jan nan ƙarfi, idona da ƙyar ya gani."

A mota Dokta ta share hawaye, ta ce in shirya, za mu sake haɗin. Muka yi ta gwaji har jan ya fito sosai ko babu na'ura. Tun daga nan, duk sabon ma'aikacin da ya zo nakan gaya masa: kafin ka ce falle ya yi, ka tuna tsohuwa ce za ta duba shi a bakin rijiyarta.