Gwiwar da Kika Ce In Rufe

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga wata, da hantsi, maƙwabciyata da nake kira Yaya ta rasu a asibiti, wata guda bayan an sa mata gwiwar ƙarfe.

Yaya, kullum da lafiyar gida kike fara tambaya, to ga ta. Auta ta warke daga tari. Yayanta yana can wurin aiki, sai dai waya. Ni ce dai ba ni da lafiya. Kujerarki tana nan bakin ƙofata, na hana kowa zama.

Ke kika koya mini karatu ina da shekara hamsin, a jikin kwalin magani, don in daina cakuɗa ƙwayoyina. Ciwon suga ne ya haɗa mu layi ɗaya a asibiti. Kikan ce, "Mu biyun nan in aka matse mu, unguwa ta huta da sayen sukari." Da gwiwa ta hana ki ruku'u, a zaune kike salla, amma ba ki fasa tsallako titi ki duba ni ba.

Likita ya gargaɗe ki a gabana: raunin mai suga ba ya saurin warkewa, in ya yi zafi ko ruwa a dawo nan take. Kwana goma sha biyu da aikin na ɗaga zanenki. Ɗinkin ya kumbura, yana tsattsafo da ruwa. Kika riƙe hannuna.

"Rufe, ƙanwata. Yaran nan sun bar aikinsu saboda ni, gobe za su koma. Kar ki tayar musu da hankali."

Ni ma uwa ce, na san wannan kara. Na rufe. Bayan mako guda zazzaɓi ya kayar da ke, aka ce cutar ta kai ga ƙarfen, ta shiga jini.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Allah Ya ba 'ya'yanki da jikokinki haƙuri.

Ku kuma 'ya'yan Yaya, na zo gaisuwa bakina ya kasa faɗa, shi ya sa na rubuta. Na gani, na yi shiru. Ranar Litinin za a kwantar da ni, ni ma gwiwar za a yi mini. Na riga na sa Auta ta yi alkawari za ta riƙa ɗaga zanena kullum, ko na hana ta. In kun yafe mini, ku aiko mini da amsa kafin ranar, ko layi ɗaya ne. Zan iya karantawa da kaina. Mahaifiyarku ta koya mini.