Birkin da Ya Daina Jiƙa

Yayana yana da wata tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, da ita yake kai hatsi da mutane tsakanin Batsari da Ruma ranar kasuwa. Motar ba ta da kyan gani, amma ba ta tsoron taɓo. Ciwonta ɗaya ne, birkin baya. Irin na diram ne, a rufe yake kamar kwano, in ta tsallake rafi da damina sai ya sha ruwa da yashi, ka taka ka ji wayam. Dole Yaya ya tsaya a bakin gaɓa, ya yi ta gaba da baya yana tattaka birkin har ya bushe.

A daidai wannan rafin hanyar ƙauyenmu ta ɓullo. Innarmu ta ƙi tashi daga ƙauyen ko da ɓarayin daji suka kori rabin mutane, ta ce ba inda za ta kai tsufanta da awakinta. Ita ce kuma ta hana Yaya taka ƙafa gida, don an san shi da mota, irinsa ake ɗauka. Sai ya zama tsayawar nan ta busar da birki ita kaɗai ce ganawarsu. Takan taho da ƙwaryar fura ta jira. Shi ya gama da birkin, ya ja na hannu, ya sauko ya durƙusa. Gaisuwar Inna kuwa ba a yi mata gaggawa, sai ta bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi matarsa, ta tambayi har maƙwabta. Fasinjoji su yi ta tsaki, amma ba mai magana, kowa ya san ba a hawa tudu da jiƙaƙƙen birki.

Da aka fara tare motoci a wuraren tsallake, mutane suka soma gudun motarsa. Sai ya kawo ta Safana, inda nake koyarwa, wajen wani makanike da ya ce zai mayar da birkin bayan na faifai. Ina tsaye aka kwance tayoyin, aka buge diram ɗin da guduma, busasshen taɓo ya zubo. Makaniken ya yanka ƙarfe ya yi wa sabon birkin mazauni, ya ɗaura faifan da aka ciro daga wata matacciyar mota, ya sa Yaya yana takawa shi yana fitar da iska. Ya ce wannan a buɗe yake, taya na juyawa zai watsar da ruwa. Sai da aka gama ya ƙara da cewa birkin hannu fa ya tafi, don a cikin diram yake kamawa. Yaya ya ce ba komai. Murna kawai yake yi, har ya zagaya da ni gari yana taka birki ba dalili.

Aikin ya yi kyau, kuma wannan ne abin da ke ba ni haushi har yau. Labari ya bazu cewa motarsa ba ta tsayawa a rafi, ta koma cika maƙil. Ranar farko da ya rage gudu a gaɓa, wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce ya ji tsoron Allah, rayukan mutane ne a hannunsa. Ba shi da hujjar tsayawa kuma. Ko da ya tsaya ma, ba zai iya sakin mota mai kaya a gangare ya sauko ba. Ya gaya mini haka da bakinsa, idonsa jawur.

Da hutu ya zo na hau babur na je ƙauye. Inna ta tambaye ni, "Wai mi ya samu motar yayanka?" Na ce gyara aka yi mata. Ta ce to Allah shi tsare. Ta daina kai fura, amma ba ta daina zuwa ba.

Ranar kasuwa na raka ta. Ta canza wurin tsayawa, ta koma bakin ruwa inda mota ke shiga a hankali. Da suka iso Yaya ya leƙo ta taga ya ce, "Inna, ina kwana?" Ta amsa, ta fara tambayar gida. Kafin ta kai kan babbar 'yarsa motar ta fita daga ruwa ta kama tudu.

Na ɗauka za mu juya. Sai na ji ta ci gaba a hankali, tana kallon hanya. Ta tambayi babbar, ta ba kanta amsa, lafiya lau. Ta tambayi mai bi mata, lafiya lau. Haka ta bi su duka har autan da ba ta taɓa gani ba, ta yi wa kowa addu'a, ta shafa. Ni dai na kau da kai, don kuka ya zo mini.

Ba ta ga wata daminar ba.