Autar Inna Mai Keke

Inna Mai Keke ta fara ɗinki tun tana amarya, a ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu, wanda tagarsa ke kallon titi. Da wannan keken ta taya mijinta, direban bas, rainon 'ya'yansu har kowa ya kama gabansa. Mace ce mai kaifin harshe da taushin zuciya. In ka kawo yadi kana azalzalarta, sai ta dube ka ta saman tabarau ta ce ita dai hannu biyu gare ta, kamar kowa. Duk unguwar an san wannan magana.

Da 'yarta ta ƙarshe ta samu aiki a wani gari, gidan ya yi mata faɗi. Baba ya ajiye tuƙi, yini yake yi da rediyo a kunne. Ana nan sai shugabar makarantar kurame, wadda ta daɗe tana kawo mata ɗinki, ta zo da wata buƙata. Wata 'yar sa-kai ce za ta zo daga wata ƙasa mai nisa ta koyar da yara maganar hannu, ana neman gidan mutunci da za ta zauna na shekara guda. Inna ba ta ma tsayar da keke ba ta ce a kawo ta. Sai daga baya ta shaida wa Baba, shi kuma ya ce ai ya ga an riga an wanke labule.

Baƙuwar doguwa ce siririya, da jaka a baya da ta kusa fin ta girma. Harshen garin kuwa ɗan abin da ta haddace a jirgi ne kawai. Ta ce wa Baba "ke", ta ce wa Inna "kai". Baba ya yi dariya har da tari, ya ce yarinyar nan daga zuwanta ta gano mai mulkin gidan. Inna ta ba ta ɗakin 'yarta, ta kuma raɗa mata Auta.

A makaranta ba ta da matsala, domin ita da yaran hannu ke magana. Da ta fito ƙofa ne take zama kurma. Mai kanti ya yi mata magana ta yi murmushi, maƙwabta su gaishe ta ta yi murmushi, ta dawo gida ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Abinci ma sai ta tsakura ta ture. Wata safiya Inna ta shiga shara, ta tarar an ninke kaya an mayar cikin jaka. Ta ƙarasa shararta ta fita. Da Auta ta dawo da yamma, sai ta tarar da kujera an ajiye mata kusa da keke.

"Zauna nan," in ji Inna. "Gidana ba masauki ba ne. 'Yata ba ta ɓuya a ɗaki."

Ta miƙa mata tef ɗin awo. Daga ranar, duk macen da ta shigo, Auta ce za ta gaishe ta, ta tambayi mutanen gida, ta auna kafaɗa da ƙugu, ta faɗa da baki. In ta yi kuskure a yi dariya, Inna ta gyara mata, ta sa ta maimaita. Akwai ranar da ta so ta ce wa wata hajiya rigar ta yi mata kyau, sai ta ce hajiyar ta yi wa rigar yawa. Hajiya ta rantse ba ta ƙara zuwa, jibi sai ga ta da wani yadin, tana tambaya ina 'yar nan mai faɗin gaskiya. A wannan ɗakin Auta ta koyi gaisuwa da ban haƙuri da tsegumi, ta koyi yadda ake cewa a'a ba tare da an ɓata wa mutum rai ba. Jakar ta koma ƙarƙashin gado, wayam.

Abin da ke ci wa Auta rai shi ne, yara na koyon maganar hannu a aji, amma in sun koma gida ba mai amsa musu. Ta roƙi shugaba a kira iyaye taro. Ranar taron, malamin da zai yi mata tafinta bai samu zuwa ba. Inna na zaune can baya, ta zo rakiya, ta ga 'yarta ta miƙe gaban cikakken zaure, da takarda a hannunta.

Auta ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya yadda ya kamata, sannan ta ce tana so su riƙa zuwa ranar Asabar su koyi magana da 'ya'yansu. Wani uba ya ce su fa mutane ne masu neman abinci, wannan abu sai masu ilimi. Auta ta ajiye takardar, ta sunkuyar da kai, ta dube shi ta saman tabaran da ba ta da shi.

"Baba, ni ma hannu biyu gare ni, kamar kowa. Naka nawa ne?"

Zauren ya ɗauki dariya, mutane suka juyo suna neman Inna. Wata ta ce wallahi ko muryar ba ta bari ba. Inna ta gyara zama, ta ce ai ba a banza take zaune kusa da keke ba. Mutumin ma dariya ya yi, kuma shi ya fara zuwa ranar Asabar. Bayan 'yan makonni matarsa ta shigo shago tana share hawaye, ta ce jiya ɗansu ya ba ubansa labarin faɗan da aka yi a aji, uban kuma ya gane.

Da shekara ta cika, Inna ta ɗinka mata riguna har jakar ta ƙi rufuwa. Baba ya ari mota ya kai su filin jirgi da kansa, yana tuƙi yana jan hanci, wai mura ce. Ajin Asabar bai mutu ba, iyayen da suka fara ne ke koya wa sababbi. Auta na kira duk mako, kuma in wayar ta shigo Inna takan tsayar da keke ko aikin wa take yi. Masu jira su yi ta jira, tana gaya musu cewa autarta ce, wadda ke ƙasar waje.