Kawu Dingbang, Na Tauna Ganyen

Wanda ya ba da rai Shi ya karɓi abinsa. Ranar Talata, 11 ga Maris, 1986, Allah ya yi wa kawuna, Madugu Sai Dingbang, rasuwa a ƙauyenmu na Weishan, yana da shekara tamanin da huɗu. Ni kuwa ina kan hanya, sai washegarin jana'iza na iso.

Kawu, shekara talatin ka yi kana jan ayarin alfadarai, kana kai curin shayi daga kudu har ƙasar Tibet. Ba a taɓa jin ka bar mutum a hanya ba. Da ɗaya daga cikin mutanenka ya karye a kan dutse, buhu biyu ka zubar a kwazazzabo ka ɗora shi a alfadari. Da mahaifina ya rasu, kai ka riƙe ni, ka sayar da dabbobinka uku don in yi karatu. Karatun nan kuwa da shi na ci maka fuska.

Shekara shida ke nan da na gayyace ka ajin da nake koyarwa ka ba ɗalibai labarin asalin shayi. Ka ce tun kafin a san shansa, taunarsa ake yi. Matan kan duwatsun kudu ne suke cusa ganyen a gora, su binne shi har ya yi tsami, su tauna da gishiri, daga baya ne mutanen birni suka koyi dafa shi. Ni da rawar kaina na katse ka. Na ce littafi ya nuna wani sarki ne ganye ya faɗa wa a tukunya, naka kuwa hirar fatake ce. Yara suka kwashe da dariya. Ka ɗauki sandarka, ka ce, "To malamin takarda, sarkin naka ka taɓa shan shayi da shi?" Ka fita. Tun daga ranar nan, kunya da girman kai suka hana ni taka gidanka, alhali tsakaninmu bai wuce gona biyu ba.

Watan jiya aiki ya kai ni kudu. A wani ƙauye na ga tsohuwa ta tono gora daga ƙasa, ta tsaga, ta miƙo mini ganye da gishiri. Wallahi nan take na tuna maganarka. Na roƙi gora ɗaya, na kamo hanya in durƙusa a gabanka in nemi gafara. Kwana huɗu na yi a mota, na tarar da tabarmin zaman makoki a ƙofarka.

Na tambayi matarka, Inna Guizhi, ko ka yafe mini. Ta ce, "Ɗan nan, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ban ji ya faɗa ba. Da ya ji ka tafi kudu dai ya yi dariya, ya ce idan ka dawo a tambaye ka ko ka tauna."

Na tauna, Kawu. Da tsami, kamar yadda ka faɗa. Gaskiyarka ce, ga shi na rubuta inda kowa zai gani, kai kaɗai ne ba za ka gani ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Guizhi da 'ya'yanka, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ni kuma ku roƙa mini gafarar da na makara nema.