Fanshon Buɗe-Jaka

Babanmu mai gadi ne a kamfanin sabulu, amma ba irin mai gadin da ke gyangyaɗi a kan benci ba. Aikinsa caje ma'aikata. Duk wanda zai fita da yamma sai ya tsaya gaban teburinsa ya buɗe jaka, don haka daga masu shara har na ofis babu wanda ya san shi da wani suna sai Buɗe-Jaka. Ya taɓa caje manaja. Ni ma, 'yar cikinsa, ranar da na je karɓo kwanon abincinsa sai da ya ɗaga murfi ya leƙa kafin ya bar ni na fita.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: wanda ya yi saurin zuge jaka yana murmushi, ka rabu da jakar, ka duba safa da ƙarƙashin hula. Wai mutum ba ya zumuɗin nuna maka wani wuri sai yana so ya ɗauke idonka daga wani. Da a bakin ƙofar kamfani yake barin ƙa'idar nan da mun huta, amma da ita yake dawowa gida. Idan mahauci ya yaba masa cinya, haƙarƙari zai saya. Mu yara tuni muka gano lagonsa, duk takalmin da kake so sai ka kushe shi. Inna ce kaɗai ba ta wannan wasa da shi. Ita abin da ke ranta take faɗa, in ba zai faɗu ba ta ja bakinta ta yi shiru.

Da ya yi ritaya, ofishin fansho ya ba shi zaɓi biyu: ko ya karɓi kuɗinsa a dunƙule a rabu, ko ya bar su a riƙa ba shi wata-wata, in kuma ya riga matarsa tafiya a ci gaba da ba ta wani kaso. Baba bai ko ji ƙarshen bayanin ba ya ce a dunƙule. Kamfanin da ya yi shekaru yana biyansa albashi don kada ya yarda da kowa, ta yaya shi zai yarda da shi? A ranar ya sayo akwatin ƙarfe da kwaɗo biyu, ya tura ƙarƙashin gado.

Sai ga Baffa, ƙanensa, wanda rabonsa da gidanmu tun yana da baƙin gashi. Ya zo da fara'a har kunne, yana cewa ai Yaya ya yi dabara, kuma akwai wata motar haya da ake sayarwa da arha, shi zai tuƙa. Baba ya dubi fara'ar nan, ya dubi akwati, ya ce zai sake tunani.

Daga nan ya mai da ofishin fansho gidansa na biyu. Dabararsa ita ce ya ga inda matar da ke kula da takardu a ofishin ta karkata, shi ya bi ɗaya hanyar. To, baiwar Allahn nan ba ta karkata. Ta ce aikinta ya hana ta ba da shawara. Ya yabi dunƙule yana kallon idonta, ta ce haka ne. Ya yabi wata-wata, ta ce shi ma haka ne. Da ya gaji ya ce, "'Yata, da ni mahaifinki ne, me za ki ce in yi?"

Ta ce, "Baba, da sai in karanta maka takardar nan yadda na karanta maka yanzu."

Ya dawo gida yana huci, wai duk zamansa a bakin ƙofa bai taɓa ganin fuska mai kwaɗo irin wannan ba. Shi kuma Baffa, da wani ya raɗa masa cewa zumuɗinsa ne ya sa Baba ya ja da baya, ya ɗauke ƙafa ya daina maganar mota, sai hankalin Baba ya koma kan akwatinsa. Wa'adin sa hannu kuwa ƙarshen wata ne.

Ni na san abin da ke cin Inna. Matar wani direban kamfanin ƙawarta ce. Mijin ya karɓi nasa a dunƙule, dangi suka taya shi kashewa, ya rasu, yanzu wanki take yi wa mutane. Ga Baba da hawan jini, ga shi da taurin kai wajen shan magani. Amma Inna ba za ta iya duban tsabar idon mijinta ta ce masa "in ka mutu" ba. Ko da ta iya, ta san da ta nuna tana son wata-wata, dunƙule zai zaɓa. Na tausaya mata ƙwarai, kuma na ji haushin Baba har na daina kai masa ruwan wanka.

Wata safiya sai muka ga Inna da tef ɗin awo na telan layinmu. Ta auna bangon falo, ta ce nan kujeru za su zauna. Ta auna taga, ta ce labule mai hawa biyu. Ta matsar da tabarmar Baba yana zaune a kai, wai nan wurin firij ne. Wannan fa matar da ta yi wa labule ɗaya faci har ba a gane asalin yadinsa. Kullum da sabon abu, har da madubi mai tsawon mutum, tana yi tana tambaya yaushe za a kawo kuɗin, don ta riga ta gaya wa maƙwabta. Na shige ɗaki na toshe baki da filo saboda dariya.

Baba dai ido ya zuba mata. Ana gobe wa'adi zai cika ya ce in raka shi ofis, ya sa hannu a kan wata-wata ba tare da ya ko kalli fuskar matar ba.

A hanyar dawowa muka zauna a bencin tasha muna jiran mota. Ina ta ƙoƙarin haɗiye murmushi, sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ke da uwarki kun ɗauka kun yi min wayo ko?"

Na ce ni ban san komai ba.

"Matar da ke taya allura har mai kaya ya gaji, ita ce ta zaɓi kujeru da firij ba ta tambayi kuɗin ko ɗaya ba? Ta yi saurin buɗe jaka."

Na ce to in ya gane, me ya sa ya biye mata?

Ya ce, "Sai na duba inda ba ta so in duba. Tsoro ta ɓoye. Tana tunanin ranar da ba na nan, bakinta kuma ya ƙi faɗa." Ya goge ido da hula, wai hayaƙin mota ne. "Kada ki kuskura ki gaya mata. Tunda nake aiki ban taɓa ganin kaya a jikin mutum na bar shi ya wuce ba sai ita."

Ban gaya mata ba. Akwatin ƙarfen yanzu magungunansa ne a ciki, kuma makullan suna wurin Inna. Har yau in ƙawayenta suka zo sai ta rage murya ta ba su labarin yadda ta yi wa Buɗe-Jaka wayo da tef ɗin tela. Baba yana jin ta daga tabarmarsa, a wurin da aka ce na firij ne, sai ya haɗe rai yadda ya kamata, ya ƙara muryar rediyo don ta samu ta ƙarasa.