Kande Mai Awo da Jar Kwalbar da Muke Kira Sirof

Kafin ƙarfe bakwai na safe Malama Kande ta riga ta fito daga gidansu a Ƙofar Na'isa, jaka a kafaɗa, ta kama hanyar Yakasai a ƙafa. Ba ta hawa acaɓa. Ta ce wanda ke kan babur ba ya ganin yaran da ke zaune a bakin ƙofa, ita kuwa su take son gani. Idan ta isa ƙaramin asibitin unguwarmu sai ta share rumfa, ta jera benci, ta rataya sikelinta a ƙugiya, ta ɗaura masa ɗan wandon nan da ake zura yaro a ciki. Mata su fara shigowa da goyo. Ta karɓi yaro, ta rataya shi, yana ihu tana yi masa wasa, ta dubi allura, ta ɗiga alama a katinsa. Shekara talatin da biyar wannan ne aikinta, sai watan jiya da ta yi ritaya.

Ba likita ba ce, ba nas ba ce. Kande mai awo, haka kowa ya san ta. Ni kuma da nake wannan rubutu sunana Ilu, ɗan tireda ne a Yakasai, alƙalami ba sana'ata ba ce. Abin da ya sa na ɗauke shi, na taɓa ci wa matar nan mutunci a gaban jama'a, ita kuwa ta rama ta hanyar ceto mini 'ya.

A shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, kaya iri-iri suka cika kasuwa. Cikinsu akwai wata jar kwalba mai hoton masara da wani jariri mai manyan kumatu. Ruwa ne mai kauri, ka tsiyaya kaɗan a kofi ka ƙara ruwa ya zama lemo. Tun lokacin kamfen masu neman ƙuri'a suka yi ta aika katan-katan ɗinsa gidajen suna da biki, saboda haka kafin ya zo shaguna bakin yara ya riga ya san shi. Dillalai suna ce masa sirof, don kalmar tana cikin Turancin da ke jikin kwalbar. Mu kuwa a cikin gari sirof ɗaya muka sani: maganin ruwa na yara da ake bayarwa a asibiti ana aunawa da cokali. Ga shi ja kamar maganin ƙarin jini, ga hoton masara, abincin da kowa ya yarda da shi. Na sayar da shi har ina ƙara gishiri, ina ce wa mata yana sa ƙiba yana ƙara jini. Allah ya sani ba ƙarya na shirya ba, ni ma haka na ɗauka.

Kande ce ta fara lura. Layin da take ja a katin yaro ya kamata ya riƙa hawa wata bayan wata. Sai ta ga na yara da yawa yana tsayawa cak, wasu ma yana gangarowa, kuma duk a wuri ɗaya yake farawa, wato lokacin yaye. Ta tambayi iyaye, amsar iri ɗaya: yaro ba ya cin abinci, yana yawan zawo. Wasu su ce haƙori ne, wasu su ce kewar nono ce. Sai wata ta ce mata, "Wallahi Malama ba mu yi sakaci ba, har sirof kakarsa take ba shi sau uku a rana."

"Wane likita ya rubuta?" in ji Kande.

"Ai na shago ne, mai hoton masara."

Ta sayi kwalba ɗaya da kuɗinta, ta kai wa Malam Ari, malamin kimiyya a sakandare, maƙwabcinsu. Ya karanta mata rubutun ya fassara. Ya ce garin masara ake sarrafawa a masana'anta har ya koma zaƙi tsantsa, babu sauran abin da ke gina jiki a ciki, ragowar launi ne da ƙamshi. Ta kai maganar wurin likitan da ke zuwa asibitin ranar Laraba. Ya tabbatar mata cewa zaƙi mai yawa irin wannan yana cika cikin ƙaramin yaro ya ƙi abinci, yana iya sa shi zawo, yana cin haƙora, kuma wanda ya tashi a kansa yana cikin haɗarin ƙiba marar kyau da ciwon suga in ya girma.

Da wani ma'aikacin ne, da sai ya tara matan a rumfa ya yi musu lacca, ya ce ya fita hakki. Ke ce, Kande, kika san cewa wannan ɓata yawu ne. Kin san a garin nan uwa ba ta da ta cewa a kan yaye. Ranar da aka cire yaro daga nono gidan kaka ake kai shi, kuma abin da kaka ta ga dama shi zai sha. Wace suruka ce za ta buɗe baki ta ce wa uwar mijinta ga yadda ake renon yaro? Don haka kika bar masu goyon da kunyarsu, kika bi tsofaffin gida-gida bayan la'asar, da ƙafarki, ba wanda ya aike ki.

Ciniki ya fara ja baya, na bincika na ji dalili. Wata Asabar tana wucewa ta gaban shagona, mutane cike a benci, na tare ta.

"Malama Kande, yaushe kika zama likita ba mu sha biki ba? Aikinki ki rataya yaro ki sauke. Ki tsaya a kan sikelinki ki bar mutane su nemi abincinsu."

Aka yi dariya. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kamar in nutse. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara jakarta ta ce, "Malam Ilu, na ji. Amma wata uku ke nan ba a kawo mini Ikram awo ba. Tana ina?"

Na ce tana Koki wurin mahaifiyata, an kai ta yaye.

"Da katan nawa ka raka ta?"

Katan guda cur na ɗora a mota ranar da aka kai ta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ikram ita ce 'yata ta uku, a lokacin ba ta cika shekara biyu da rabi ba. Na san ta rame, na san zawo ya ƙi barinta. Kullum na je gaida Hajiya sai ta ce mini kada in damu, ta ƙara mata sirof ɗin.

Washegari Kande ta je Koki, ni kuma na bi ta, ba don na yarda ba, don in ga yadda za ta kwashe da mahaifiyata. Duk wanda ya san Hajiya 'Yardada ya san ba a juya ta. Muka tarar da ita a tsakar gida, Ikram kwance a cinyarta, wuya ya yi siriri, ga kwalbar da cokali a gefe a kan faranti, an rufe da kyalle mai tsabta kamar yadda ake ajiye magani.

Bayan gaisuwa Kande ta faɗi abin da ya kawo ta. Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Kande, na yaye tara na cikina, jikoki kuwa ban ƙirga ba. Yarinya ba ta da lafiya, ba ta cin komai sai wannan. In na hana ta maganin, me kike so ta rayu da shi?"

"Hajiya, ba zan koya miki reno ba, a hannun irinku muka koya. Tambaya ɗaya ce da ni. Za ki ba ƙawar taki alawa da safe, alawa da rana, alawa da yamma, kafin ta ci tuwo?"

"Alawa? Ni mahaukaciya ce?"

"To a ara mini kasko."

Aka kawo. Ta ɗora a kan murhu, ta juye rabin kwalbar a ciki, ta zauna tana juyawa da muciya. Ruwan ya yi ta tafasa yana ƙonewa har ya yi danƙo, tsakar gidan ya ɗauki ƙamshin da kowane ɗan birni ya sani daga rumfar masu alawa. Ta bari ya sha iska, ta ɗebo da yatsa ta ja, ya miƙe ya yi tsawo bai tsinke ba. Ta miƙa wa Hajiya. Hajiya ta taɓa, ta kai bakinta.

"Ina masarar?" in ji ta.

"Tana jikin takarda, Hajiya. Wannan narkakkiyar alawa ce."

Sai Kande ta ɗaga leɓen Ikram a hankali ta ce mu duba. Haƙoranta huɗu na sama sun yi baƙi daga gindi, ɗaya ya fara guntulewa. Ni ubanta ban taɓa dubawa ba. Hajiya ta juyo ta kalle ni, kallon da rabona da shi tun ina yaro, ta ce, "Kai ka kawo mini wannan ka ce magani ne." Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba.

Raba yarinyar da kwalbar ya fi raba ta da nono wuya. Kwana huɗu tana kuka tana ture duk abin da aka miƙa mata. A rana ta biyu Hajiya ta karaya, ta aiko a karɓo mata kwalba ɗaya tak, don ta rantse ba za ta iya kallon yarinya tana shiɗewa ba. Ni ma na karaya, har na sa hannu a kan kanta. Kafin in aika sai ga Kande, ashe ta biya ta Koki tun da sassafe kafin ta wuce aiki. Ta ce mini, "In ka aika, mun koma ranar farko. Kukan 'yan kwanaki ne ko ciwon shekaru, zaɓi ɗaya." Ta sa aka kai Ikram wurin likita aka ba ta maganin zawo na gaskiya. Kullum da safe tana zuwa da kunun gyaɗa a ɗan kwano, ta zauna a tabarma ta yi ta lallashi, cokali ɗaya, cokali biyu. A rana ta biyar yarinya ta karɓi kwanon da hannunta. Bayan wata biyu layin katinta ya ɗaga kai.

Haƙoran kam sun riga sun tafi. Kande ba ta ɓoye mana ba. Ta ce na nono ne, za su zube, sai mu tsare bakin mu jira na dindindin mu ga abin da Allah zai yi. Shekara huɗu 'yata tana dariya da hannu a baki saboda tsokanar yara.

Hajiya 'Yardada kuwa da ta juya, sai ta juya gaba ɗaya. Duk gidan sunan da ta je sai ta ba da labarin kasko, har da ƙarin abin da bai faru ba. Kande ta yi ta yawo da kaskonta daga Koki zuwa Yakasai zuwa Ƙofar Na'isa, kuma duk wanda ya ce sirof a gabanta sai ta gyara masa: alawa. Sunan ya kama. Mata suka daina aunawa da cokali, tsofaffi suka daina ajiye shi a kan faranti, don ba kakar da za ta yarda a ce da alawa ta yaye jikanta. Ni na daina sarowa, ko da yake sai da na yi wata guda ina jan ƙafa, ba zan yi wa kaina ado ba.

Kada wani ya ɗauka an ci yaƙin. Jar kwalbar ta ɓace, amma 'yan'uwanta sun dawo a leda da kwali da ƙanƙara, kore da ruwan ɗorawa, suna jiran yara a ƙofar kowace makaranta. Zaƙin dai shi ne, riga ya sake. Kande ta ajiye sikeli, saura mu. Mai shago ya san abin da yake miƙa wa yaro, in bai iya karantawa ba ya nemi wanda ya iya. Uba ya ɗaga leɓen ɗansa ya duba. Ma'aikacin da ke ganin aikinsa ƙarami ne ya tuna cewa mai ɗiga alama a kati ce ta ga abin da duk unguwa ba ta gani ba, kuma ba ta tsaya jiran a ba ta izini ba.

Kande mai awo, sikelinki bai san ɗan wane ba. Ke ce aka yi wa dariya a bakin shago, washegari kika tafi gidan mahaifiyar wanda ya sa aka yi dariyar. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya da hutu mai albarka, ya sa abin da kika yi ya yi nauyi a ranar da za a auna ayyuka.

Ranar walimar ritayarki na zo da Ikram, yanzu shekararta bakwai. Ban iya yi miki magana ba, mutane sun yi yawa. Ke ma ba ki bi ta kaina ba. Kika jawo ta kika ce, "Buɗe in gani." Ta sauke hannunta ta buɗe. Sababbi biyu sun fito a sama, farare, ba tabo ko ɗaya. Kika daɗe kina kallo, sannan kika ce mata, "To, waɗannan ba su da canji, ki riƙe su da kyau."

A gaban mutane na ce ki tsaya a kan sikelinki. A gaban mutane nake cewa na gode wa Allah da ba ki ji maganata ba. Ki yafe mini, Malama.