Bobboi, Mai Fita Rana Idan Waƙa Ta Ƙare

Kullum da hantsi Malam Bobboi zai buɗe shagonsa a kasuwar Mubi, ya kaɗe teburi, ya tura kaset a tsohuwar rikoda. Shekara arba'in yana gyaran rediyo, kuma duk rikodar da ya gyara, da waƙa ɗaya yake gwada ta: ta saurayin nan da ke tsaye a bakin mayo, wato kogi, ruwa ya kawo, budurwarsa na ƙetare tana ɗaga masa gyale. Maƙwabtansa sun haddace ta ba da son ransu ba.

Da waƙar ta fito, dattawa cewa suka yi za ta lalata yara. An fasa kaset, an ja kunne. Samari kuwa suka samo mata aiki. Wanda kunya ta ɗaure wa baki sai ya zo a ɗaukar masa ita a sabon kaset. Tana ƙarewa, Bobboi ya danna jan maɓallin ɗaukar murya ya fice rana, ya bar saurayi da rikoda ya faɗa wa yarinya abin da ke ransa. Kai ne ka sha rana, Malam, don wani ya samu bakin magana, kuma ba a taɓa jin sirrin kowa a bakinka ba.

Bara Hapsatu ta zo daga Kwaja da kaset ƙulle a gefen zane. Mijinta Mu'azu ya samu shanyewar ɓarin jiki, wata bakwai bai ce uffan ba. Muryarsa a wannan kaset kaɗai ta rage.

"Bappa, zaren ya tsinke," in ji ta.

Elkana, maƙwabcinsa mai tura waƙoƙi a waya, ya leƙo. "Hajiya, kawo waya na tura miki waƙan, minti ɗaya."

"Ba waƙa ta zo nema ba," in ji Bobboi.

Kwana biyu ya yi a kai, da biro da reza da jan farce, idanun da suka soma gazawa suna ruwa. Ranar da ta dawo ya kunna. Waƙar ta yi ta tafiya a hankali, Hapsatu ta lumshe ido kamar tana jin sanyin ruwa a ƙafarta. Tana ƙarewa, tsohon ya miƙe ya fita rana, kamar da.

Ita ce ta ba ni labarin sauran. Ɗan tari, sannan muryar ɗan shekara ashirin tana rawa: "Hapsatu, ni ne Mu'azu. In ruwa ya janye zan zo."

Ta fito tana kuka tana dariya. "Bappa, bai ma jira ya janye ba."

A watan nan Bobboi zai rufe shago, ido ya ƙi. Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Mu da muka rage, mu koyi gyara abin mutum, mu kuma san lokacin da za mu fita mu bar shi da abinsa.